Amsoshin Tambayoyinku: Batirin Fotasiyam, Kanwa Da Motar Lantarki

Tambayarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani ɗan kasuwa a Gummi. Ya ce ya ji wai gwamnatocin Turawa na zuba kuɗi a kan wani sabon batirin mota da ake yi da fotash. Shi ne yake tambaya, shin fotash ɗin nan ba kanwa ba ce? In ita ce, ya fara saye yana ajiyewa ne kafin ta yi tsada?

To malam, a gajarce dai, kada ka saya. Ko da yake akan kira kanwa fotash da Turanci, yawancin abin da ke cikinta sinadarin sodiyam ne, ɗan'uwan gishiri. Wanda ake magana a kansa shi ne fotasiyam, kuma manomi ya san shi ko bai san sunansa ba. Harafin K da ke jikin buhun taki na NPK, ai shi ke nan. Akwai shi a tokar murhu ma, amma wanda masana'antu ke aiki da shi daga ƙarƙashin ƙasa ake haƙo shi, akasari a Kanada da Rasha da Belarus.

Me ya sa ake neman sa? Motar lantarki ba ta shan fetur, batir ne ke tura ta. Yawancin batiran nan da litiyam ake yin su, irin na cikin wayar salula. Shi kuwa litiyam ba shi da yawa. Ostareliya da Chile da Sin ne kan gaba wajen haƙo shi, kuma fiye da rabinsa a Sin ake tacewa. Farashinsa ya yi tashin gwauron zabo a 2022, sannan ya faɗi warwas a 2023. Ɗan kasuwa ya san wahalar kayan da farashinsa ba ya zama wuri guda. Fotasiyam kuwa ya ninka litiyam yawa a doron ƙasa sau ɗaruruwa. Har ila yau, ana iya haɗa batirinsa da ƙarfe da alminiyam, ba sai an nemi kobal ba, wanda akasarinsa daga Kwango yake fitowa.

Amma fa akwai cikas. Aikin batir shi ne ƙananan ƙwayoyi su riƙa kai da kawowa tsakanin ɓangarorinsa biyu, in ana caji su tafi can, in ana aiki su dawo nan. Ƙwayar fotasiyam ta fi ta litiyam girma da nauyi. Kamar a ce ƙofar da awaki ke bi ce aka ce shanu su bi, yau da gobe sai bango ya tsage. Shi ya sa batirin kan yi saurin gajiya, kuma wutar da yake riƙewa ba ta kai ta litiyam ba. Tun 2004 aka gwada na farko, amma har yanzu bai shiga motocin da ake sayarwa ba. Na sodiyam ma ya riga shi, domin an fara sa shi a ƙananan motoci a Sin a ƙarshen 2023.

A nan ne gwamnati ke shigowa. Kamfani ba ya son zuba jari a abin da sai bayan shekara ashirin zai kawo riba. Batirin litiyam kansa tun shekarun 1970 aka soma bincikensa, sai 1991 kamfanin Sony ya kai shi kasuwa. Don haka Ingila ta ware fam miliyan 246 a 2017 domin binciken batir, Amurka kuma ta ware sama da dala biliyan 7 a wata doka ta 2021. Sai dai kaso mafi tsoka na litiyam ne. Sababbin iri kamar fotasiyam ɗan abin da ya samu ne. A gida Najeriya, hukumar ƙera motoci ta NADDC, a zamanin shugabancin Jelani Aliyu, ta buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato a 2021.

Yanzu ga abin da ya fi shafar mu. Duk lokacin da duniya ta zaburo neman wani ma'adini, dillalai kan shigo ƙauyuka suna tayin duwatsu, kamar yadda ake yi wa litiyam a jihohin Nasarawa da Kwara. Mutanen Anka da Bukkuyum ba sai an ba su labari ba. A 2010, niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje ya watsa gubar dalma a Dareta da Abare da Bagega da 'Yargalma, yara fiye da 400 suka rasu. Sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasar Bagega. Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019, ta ɗage hanin a Disamban 2024, don haka ramuka sun sake buɗewa.

Saboda haka, ko wane irin dutse ne, kada a kawo shi gida, kada a niƙa shi a turmi ko injin da ake niƙa hatsi. Mai aikin rami ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya ɗauki yaro. Dalmar nan kuma ita ce a cikin batirin mota da na sola da muka saba da su, don haka kada a fasa tsohon batir a tsakar gida.

Da fatan mai tambaya ya gamsu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.