Gonakin Tulif na Ƙasar Holan: Yini Guda a Karkarar Furanni

Wannan shiri na musamman ya nufi ƙasar Holan da ke arewa maso yammacin Turai, inda a kowace shekara, daga ƙarshen watan Maris zuwa tsakiyar watan Mayu, wato lokacin da hunturu ke janye jiki itatuwa su fara toho, ɗimbin jama'a ke barin birane su fita karkara domin kallon gonakin wani fure da ake kira tulif. Tulif tsiro ne gajere mai kara guda da fure guda a samansa, kuma yana fitowa ne daga wani dunƙulen iri da ke binne a ƙasa mai kama da kan albasa, wanda saboda haka za a riƙa kiransa albasar tulif a cikin wannan shiri.

Abin da mai ziyara ya kamata ya fara sani shi ne, waɗannan filaye da ke shimfiɗe ja da ɗorawa da fari da shunayya har iyakar ganin ido ba domin 'yan kallo aka shuka su ba. Gonaki ne na kasuwanci, kuma amfanin da manomi ke jira yana ƙarƙashin ƙasa, domin albasar ce ake haƙewa a sayar wa duniya, furen kuwa mataki ne da shukar ke bi ta wuce. Wannan ne ya sa lokacin kallon yake da gajarta, kuma shi ne tushen yawancin saɓanin da ake samu tsakanin manoma da baƙi.

Asalin tulif ba a Holan yake ba. Tsiron daji ne na tsaunukan tsakiyar Asiya, Farisawa da Turkawa suka fara renonsa a lambu, har ya zama abin ƙawa a fadar Daular Usmaniyya, ana zana shi a jikin tangaran da darduma da bangon masallatai. Daga Istanbul ne ya shiga Turai a ƙarni na 16, sannan a shekarar 1593 wani masanin tsirrai mai suna Carolus Clusius ya karɓi ragamar lambun binciken Jami'ar Leiden ya dasa albasar da ya zo da ita, wadda ta yi fure a shekarar da ta biyo baya. Cikin shekaru arba'in furen ya zama abin tinƙaho ga attajirai, musamman nau'in da launinsa ke fitowa da zane-zane biyu a haɗe, har dillalai suka riƙa cinikin albasar a kan takarda a gidajen shaƙatawa tun tana cikin ƙasa ba wanda ya gan ta. A watan Fabrairun 1637 masu saye suka ɗauke ƙafa a garin Haarlem, farashi ya rushe cikin 'yan kwanaki. An daɗe ana ba da wannan labari a matsayin bala'in da ya talauta ƙasa baki ɗaya, amma masaniyar tarihi Anne Goldgar, a littafin da ta wallafa a 2007, ta nuna cewa abin ya tsaya ne a tsakanin tsirarun 'yan kasuwa da masu sana'a, kuma tattalin arzikin ƙasar bai girgiza ba.

Yankin da ya fi suna wajen wannan noma shi ne Bollenstreek, wato yankin albasar furanni, wani siririn zirin ƙasa da ke bayan tuddan rairayin bakin teku tsakanin Haarlem da Leiden, wanda ya ƙunshi garuruwa irin su Lisse da Hillegom da Sassenheim da Noordwijkerhout. Dalilin dacewarsa yana cikin ƙasar kanta, domin an kwashe tsofaffin tuddan rairayi aka kai yashin birane don gini, abin da ya rage kuwa fili ne shimfiɗaɗɗe mai yashi da ɓurɓushin bawon dodon koɗi, wanda ruwa ba ya kwanciya a cikinsa balle albasa ta ruɓe. Magudanan da suka ratsa gonakin suna riƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa a tsayin da manomi ke so, iskar teku kuma tana sassauta tsananin sanyi da na zafi.

Shekarar manomin tulif tana farawa ne a watannin Oktoba da Nuwamba, lokacin da ake binne albasar a dogayen kunyoyi masu faɗi, a wasu gonakin a lulluɓe su da tattaka domin kare su daga ƙanƙara da iska. Albasar tana buƙatar kimanin makonni 12 zuwa 16 na sanyi kafin ta iya fitar da kara da fure, wanda shi ne dalilin da ya sa tulif ba ya yin kyau a ƙasashe masu zafi sai an fara ajiye irin a ɗakin sanyi. Idan fure ya buɗe a watan Afrilu, sai a ga ma'aikata suna tafiya sannu a hankali tsakanin kunyoyi, kai a sunkuye, wani lokaci da laima a hannu domin inuwa ta taimaka wa ido, suna neman shukar da launinta ya karye ko ganyenta ya yi dabbare-dabbare. Duk wadda aka samu kashe ta ake yi nan take. Abin lura a nan shi ne, zanen nan mai launi biyu da attajiran 1637 suka zuba dukiya a kansa, bincike ya gano a ƙarni na 20 cewa cuta ce ke haddasa shi, wadda wasu ƙananan ƙwari masu tsotsar ruwan ganye ke yaɗawa daga shuka zuwa shuka.

Da zarar an gama wannan tantancewa, a wajajen ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu, sai manomi ya shigo da injin da ke bi ta kan kunya yana fille kawunan furannin, ya bar kara da ganye a tsaye. Baƙon da ya ci karo da wannan aiki yakan ɗauka ɓarna ce, ganin yadda gonar da ta yi ja wur da safe ke komawa kore shar kafin la'asar, furannin kuma na zube a kwarin kunya tayar tarakta na bi ta kansu. Hikimar kuwa ita ce, idan aka bar furen ya yi 'ya'ya zai janye abincin da ganye ke haɗawa, amma idan aka cire shi sai abincin ya gangara ƙasa albasar ta yi ƙiba ta kuma haifi ƙanana a gefenta. A watannin Yuni da Yuli ake haƙe ta, a busar, a ɓare, a tace bisa girma, manya su tafi kasuwa ƙanana su koma iri. Furannin tulif da ake sayarwa a dami a shagunan Turai ba daga waɗannan filaye ake yanko su ba, a ɗakunan gilashi ake renonsu tun cikin hunturu, da yawansu kuma ta babbar kasuwar gwanjon furanni ta Aalsmeer suke bi.

Mai son kallon da aka shirya domin ido, wurin zuwansa shi ne lambun Keukenhof da ke Lisse, tafiyar da ba ta kai sa'a guda ba daga Amsterdam. Manoman yankin da masu fitar da kaya waje ne suka kafa shi a 1949 domin baje kolin hajarsu, aka buɗe shi ga jama'a a 1950, kuma yana da faɗin hekta 32 inda ake dasa albasar furanni kusan miliyan 7 da hannu a kowace kaka. Masu aikin lambun suna jera irin hawa-hawa a rami guda, mai jinkirin fitowa a ƙasa mai saurin fitowa a sama, ta yadda wani na yaushi wani na buɗewa har tsawon makonni takwas ɗin da lambun ke aiki, inda yake karɓar baƙi fiye da miliyan ɗaya. Wuri ne mai tsari ƙwarai, sai dai cunkoson da ake yi a ranakun hutu yakan rage masa armashi.

Karkarar ta ainihi tana wajen katangar lambun, kuma babu abin da ya fi keke dacewa da ita, tun da ƙasar shimfiɗe take ba hawa ba gangara, ga hanyoyin keke na musamman, ga masu ba da haya a bakin ƙofa. Mai tafiya a kan keke yakan wuce gonar wani fure mai suna hayasin, wanda ƙamshinsa ke cika hanya tun kafin a hango shi, ya tsaya a kan ƙaramar gada ya ci guzurinsa, agwagin ruwa na iyo a magudana a ƙarƙashinsa, iska mai sanyi na kaɗawa daga teku ko da rana ta take. A wata Asabar cikin Afrilu kuma ana yin jerin gwanon motocin da aka ƙawata da furanni daga Noordwijk zuwa Haarlem, tafiyar kimanin kilomita 40. Amma wanda ke neman manyan gonaki da ƙarancin hayaniya gara ya nufi arewacin lardin Noord-Holland ko lardin Flevoland, musamman Noordoostpolder, ƙasar da aka janye ruwa daga kanta a 1942, domin a can ne mafi yawan noman tulif ya koma.

Yaɗuwar wayar hannu da shafukan sada zumunta ta ƙara wa manoma ciwon kai, domin baƙi da dama ba sa gamsuwa da tsayawa a bakin gona sai sun kutsa tsakiyar kunya sun ɗauki hoto. Kara ɗaya da aka taka albasa ɗaya ce ta tsumbure, ƙasar da ke manne a takalmi kuma tana iya ɗauko cuta daga wata gona zuwa wata, a harkar da tun asali sai an hutar da fili shekaru da yawa kafin a sake shuka masa tulif. Wannan ya sa ake kafa alluna da shinge, wasu manoman kuma suka ware filaye na musamman inda ake biyan kuɗi a shiga a yi hoto ko a tsinki fure. Su ma manoman ba su tsira daga ƙorafi ba, domin noman albasar furanni yana cikin masu cin maganin feshi da yawa a ƙasar, kuma mazauna kusa da gonakin sun daɗe suna nuna damuwa game da lafiyarsu da ta ruwan magudanai, ga kuma gaskiyar cewa babban kaso na aikin ƙarfin yana wuyan 'yan ci-rani daga gabashin Turai, waɗanda ba kasafai suke fitowa a hotunan talla ba.

Ga mai niyyar wannan ziyara, makonni biyu na ƙarshen Afrilu ne suka fi tabbas, ko da yake ɗumi ko sanyin shekarar na iya gaggauta furen ko ya jinkirta shi. Ya sayi tikitin Keukenhof ta intanet tun da wuri, ya fita da sassafe a ranar aiki da rigar sanyi da ta ruwa, sannan ya tsaya a bakin kunya, domin gonar da yake kallo abincin wani ce.