Haile Gerima: Malamin jami'ar da ya yi tallan fim ɗinsa gari-gari

A shekarar 1993 ne Haile Gerima ya kammala Sankofa, fim ɗin da ya yi kan cinikin bayi, wanda aka ɗauki wani ɓangarensa a Ghana. Ya shafe shekaru yana neman kuɗin aikin, amma da aka gama sai kamfanonin rarraba finafinai na Amurka suka juya masa baya.

Bai naɗe hannu ba. Ya kama hayar gidan sinima a birnin Washington, baƙaƙen fata suka yi ta tururuwa, wanda ya kalla ya faɗa wa wanda bai kalla ba. Daga nan shi da matarsa, Shirikiana Aina, suka riƙa kai fim ɗin gari-gari.

An haifi Gerima a Gondar da ke Habasha a 1946, ya karanci harkar fim a Jami'ar California da ke Los Angeles. A 1975 ya fara koyarwa a Jami'ar Howard, inda ya shafe gomman shekaru.

Aji bai raba shi da kyamara ba, sai dai finafinan kan ɗauke shi dogon lokaci, kamar yadda aikin da babu babban kamfani a bayansa ya gada. A 1999 ya fitar da Adwa, fim na tarihi kan yadda Habashawa suka fatattaki sojojin Italiya a 1896. Teza kuma ya ci babbar kyautar bikin Fespaco na Burkina Faso a 2009.

Sankofa ɗin da aka ƙi karɓa kuwa, sai a 2021 ya shiga Netflix, bayan shekara 28.