Ƙwayar Sanƙarau da 'Yar'uwarta

Ku sani, akwai ƙwayoyin da ido ba ya gani a maƙogwaronmu. Wata mai suna laktamika takan zauna a maƙogwaron yara, ba ta cutarwa. 'Yar'uwarta ce ke kawo sanƙarau. Yawancin gadonsu ɗaya ne, amma ta sanƙarau ta gaji ɓawo mai kare ta daga garkuwar jiki. Ɓawon iri-iri ne, kuma shi rigakafi ke koya wa jiki ganewa. Allurar da Nijar ta fara a 2010 ta karya nau'in A, sai nau'in C ya ɓarke a 2015. Don haka, mutanen Agadas, ko an yi muku allura, in zazzaɓi ya zo da sanƙarewar wuya, ku garzaya likita.