FADAMAR HADEJIYA DA NGURU: RUWA ƊAYA YA HAƊA MU DA TSUNTSAYE

'Yan'uwa manoma, ko kun taɓa lura da agwagin ruwa da su ke cika tafkuna da lokacin ɗari? Waɗansu 'yan gida ne, kamar ɗinya da kirinjijiya. Waɗansu kuwa baƙi ne. Can Turai da Rasha su ke yin ƙwai. Kafin sanyi ya daskarar da ruwan ƙasarsu, sai su taso, su ƙetare hamadar Sahara, su sauka wurinmu wajen watan Oktoba. Su kan koma wajen watan Maris.

Ɗaya daga cikin manyan masaukansu a Nijeriya shi ne fadamar Hadejiya da Nguru, a jihohin Jigawa da Yobe, inda kogin Hadejiya da na Jama'are su ke malala cikin ƙasa mai shimfiɗa.

Ina ruwan manomi da agwagwa?

Amsa ita ce, abincinsu wuri ɗaya ya ke fitowa. Da damina kogi ya kan cika ya rufe fadama, a shuka shinkafa, kifi ya hayayyafa. Da ruwa ya janye, sai a shuka wake a danshin da ya bari, Fulani su kawo shanu kiwo, tsuntsaye su sami tsaba da ƙwari a bakin tafki. Ruwan nan kuma shi ne ya ke nutsewa ya cika rijiyoyi. Saboda haka in tsuntsaye sun ragu, alama ce gonar fadama ma tana cikin hatsari.

Me ya ɓata fadamar?

An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Sun amfani birnin Kano da masu noman rani, amma sun rage ambaliyar da ke ciyar da fadama. Ga kuma fari. A 1974 ruwa ya rufe wajen murabba'in kilomita 2,000. A 1993 bai kai 500 ba.

Wahala ta biyu ita ce ciyawar kacala. A da fadama ta kan bushe da rani, kacala ba ta samun zama. Da aka fara sako ruwa daga madatsu har da rani, sai ta yaɗu ta toshe hanyoyin ruwa. Wani gari ruwa ya cinye gonaki, wani kuma ya bushe ƙaƙas. Jan baki mai cin gero da shinkafa ya sami maɓoya a cikinta, agwagi kuwa suka rasa filin ruwa.

Aikin gama kai

Gari ɗaya ba ya iya gyara kogi, gama wanda ke sama shi ya ke riƙe da ruwan na ƙasa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A 1987 aka kafa shirin kiyaye fadamar, wanda ya haɗa gwamnati da ƙungiyoyin kiyaye halitta na gida da na waje. An yi ta ƙidayar tsuntsaye da auna ruwa, ana kuma neman a riƙa sakin ruwan madatsu da damina domin fadama ta cika. Dagona, a ƙasar Bade, wurin da aka keɓe ne domin tsuntsaye. A shekara ta 2000 tafkin Nguru da mashigin Marma suka zama wuri na farko a Nijeriya da aka sa cikin yarjejeniyar Ramsar, watau alkawarin da ƙasashe suka yi a Iran a 1971 na kiyaye fadamu. A 2006 jihohi shida, Kano, Jigawa, Bauchi, Filato, Yobe da Borno, suka yarda su kafa asusu ɗaya domin kula da kogunan. Ƙauyuka kuma sun yi ta fita gayya suna sare kacala. Aikin bai ƙare ba, gama kacala ta kan sake tsirowa in an yi sakaci.

Abin da ƙungiyarmu za ta iya yi

1. Mu fita gayya mu share hanyoyin ruwa. A sare kacala a ƙarƙashin ruwa, domin kututturen ya shaƙe ya ruɓe.
2. Kada mu zuba guba a tafki don kamun kifi. Kada kuma mu wanke injin feshi a ciki.
3. Kada mu tare ruwa sai mun shawarci garuruwan da ke ƙasa da mu.
4. Mu bar wa shanu burtali zuwa mashaya, mu bar wani gefen tafki ba noma, ba harbi.
5. Mu zauna da masunta, da makiyaya, da maharba, da mai gari kafin rani, a yanka doka tare.

Ko fadamarku ƙarama ce, ku kawo zancen nan a taro mai zuwa. Ku tambayi dattawa: ina ruwa ya ke kaiwa a zamaninsu, ina ya ke tsayawa yau? Wa ke sama da ku a rafin, wa ke ƙasa? Daga nan sai ku sa ranar zuwa wurinsu.