Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Shirin Jarrabawar Lasisin Aikin Jinya

Gabatarwa

Ɗalibin da ya taso a Kakuri ko Barnawa ko Sabon Tasha ba ya buƙatar ya tsallaka Kogin Kaduna kafin ya ga ma'aikatan jinya a bakin aiki. Ga Asibitin Saint Gerard na Kakuri da makarantarsa ta koyon jinya, ga Babban Asibitin Gwamna Awan, ga kuma Asibitin Masu Taɓin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa. Duk nas ɗin da ke waɗannan wurare sai da ya ci jarrabawar Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, wadda aka kafa da doka mai lamba 89 ta 1979. Maƙasudin wannan maƙala shi ne ta nuna, da hujjojin kimiyya, cewa shirin wannan jarrabawa daga ajin sakandare yake farawa.

Yadda Jarrabawar Take

Kafin a ɗauki ɗalibi a makarantar jinya, sai ya sami kiredit 5 a Turanci da Lissafi da Bayoloji da Kimistiri da Fiziks. Jarrabawar lasisi kuwa fuska biyu gare ta: tambayoyi da ake amsawa a kwamfuta, da gwajin aiki a aikace. A gwajin aikin, ɗalibi yakan bi tasha-tasha, a kowace tasha a ba shi 'yan mintoci ya nuna abin da ya iya, kamar auna hawan jini ko wanke rauni. Likita Ronald Harden na Jami'ar Dundee da ke Sikotilan ne ya bayyana wannan tsari tare da abokan aikinsa a 1975. Hannun da bai saba ba kuwa, karatun dare ɗaya ba ya koya masa.

Ƙwaƙwalwa da Mantuwa

A 1885 wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa gwajin da ya yi a kansa. Ya haddace gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana, sa'an nan ya riƙa auna abin da ya rage. Ya tarar bayan kwana ɗaya kusan kashi biyu bisa uku sun zube. Amma da ya rarraba bitar a kwanaki daban-daban, sai haddar ta zauna da ƙaramar wahala.

Dalili shi ne, koyo canji ne da ke aukuwa a mahaɗan ƙwayoyin jijiya na ƙwaƙwalwa. Sabon ilimi yakan fara sauka a wani sashe da ake kira hifokamfus, daga nan a hankali ya kafu a ɓawon ƙwaƙwalwa, musamman lokacin barci. Saboda haka ɗalibin da ya kwana yana shan shayi da goro a jajibirin jarrabawa ya hana ƙwaƙwalwarsa lokacin da take ajiya.

Haka kuma, a 2006 Roediger da Karpicke a Amurka suka gwada ɗalibai. Waɗanda suka maimaita karanta nassi sun tuna kashi 40 cikin 100 bayan mako guda, waɗanda suka karanta sau ɗaya suka riƙa zubo shi da ka kuwa sun tuna kashi 61. Ke nan rufe littafi a tambayi kai ya fi yawan kallonsa amfani.

Abin da Ke Cikin Lamarin

Mu ɗauki misali. An rubuta wa yaro mai nauyin kilo 8 farasitamol, miligiram 15 ga kowane kilo. Wato miligiram 120 ke nan. Idan kwalbar tana da miligiram 120 a kowane mililita 5, to mililita 5 za a ba shi. Wannan lissafin ƙaramar sakandare ne. Amma in sifili ɗaya ya ƙaru, yaron ya sha ninki goma, hantarsa tana cikin haɗari. Don kare irin wannan yaro aka kafa jarrabawar.

Shawarwari

Ya ku ɗalibai, ku bi darasi tun ranar da aka koyar da shi, ku sake binsa bayan kwana uku, da mako guda, da wata guda. Ku zana zuciya da ƙoda da huhu da ka, sa'an nan ku duba littafi ku gyara. Ku haɗu uku ko huɗu kuna yi wa juna tambayoyi. Waɗanda suka riga suka shiga makarantar jinya kuma, su ɗauki zuwa ɗakin majinyata da muhimmanci, domin nan ne hannu yake faɗawa.

Malamai kuwa, yana da kyau su buɗe kowane darasi da tambayoyi biyar daga na makonnin baya, su kuma danganta Bayoloji da Lissafi da aikin asibiti.

Kammalawa

Lasisi shaida ce cewa al'umma za ta iya damƙa wa mutum majinyacinta hankali kwance. Irin wannan amana da kaɗan-kaɗan ake tara ilimin riƙe ta. Mai niyyar sa farar riga gobe, to ya buɗe littafinsa na Bayoloji yau.