Ƙirji da Cinyar Dama: Rabon Firist a Mahangar Kirista

Idan kaka ta yi, coci-cocin Sabon Gari na Kano sukan yi bikin godiya. Daga France Road har New Road za a ga mata ɗauke da doya, ayaba da jarkokin manja, wani ma da akuya a igiya, ana shigar da su gaban bagade da rawa. Bayan sujada kuma sai maganar da ba a cika yi da ƙarfi ba ta taso: nawa ne na coci, nawa ne na fasto?

Tambayar ta girmi unguwar nesa ba kusa ba. Littafin Firistoci, sura ta 7, ya yanka wa zuriyar Haruna kasonsu filla-filla. A hadaya ta salama, kitse na bagade ne, a ƙone shi; ƙirji da cinyar dama na firistoci; sauran naman mai hadaya ya ci da mutanensa. A hadaya ta ƙonawa wuta ke cinye dabbar ɗungurungum, firist ya tsira da fata kawai. Bakano da ya saba ganin ana tara fatun layya don aikin addini ba zai yi mamakin wannan ba. Hadaya ta gari kuwa, tafin hannu ɗaya ake ɗiba a ƙone, ragowar ta zama abincin firistoci.

Dalilin yana cikin Littafin Ƙidaya, sura ta 18. Kabilar Lawi, wadda firistoci suka fito daga cikinta, ba ta sami gādon ƙasa kamar sauran kabilun Isra'ila ba, don haka zakkar jama'a ce cimarsu, su ma kuma su fitar da ɗaya bisa goma na abin da suka karɓa. Mai karɓa bai kuɓuta daga bayarwa ba.

Amma wanda ke kusa da tukunya yakan yi dogon hannu. A Shilo, 'ya'yan firist Eli, Hofni da Finehas, sukan aiko bara da cokali mai yatsa uku ya caka cikin tukunya ya kwashe duk abin da ya kamo. Har ɗanyen nama suke ƙwata tun ba a ƙone kitse ba, in mai hadaya ya yi gardama a yi masa barazana. Rana ɗaya suka mutu a fagen yaƙi.

Kirista ba ya yanka irin wannan hadaya. Romawa sun rushe Haikalin Urushalima a shekara ta 70 miladiyya, Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa kuma ta koyar da cewa hadayar Almasihu ta wadatar sau ɗaya tak. Abin da ya rage shi ne ƙa'idar. Manzo Bulus ya kafa hujja da masu hidimar bagade a 1 Korantiyawa sura ta 9, cewa mai wa'azin bishara ya cancanci ya ci daga aikinsa, duk da shi kansa ɗinkin tanti ya riƙa yi a Koranti.

A nan fahimta ta rabu. Katolika, Angilika da ECWA sun fi karkata ga tara baiko a asusu, a biya ma'aikaci alawus ko albashi. Yawancin coci-cocin Fentikos sun fi matsa wa zakka, suna jawo Malakai sura ta 3. Muhawarar ta yi zafi a Najeriya tun 2017, har a Oktoban 2024 Fasto Enoch Adeboye na cocin RCCG ya nemi gafara kan furucinsa na baya cewa wanda bai ba da zakka ba ba zai shiga sama ba.

Mai bin Littafin Firistoci a tsanake zai ga rabon firist hakki ne mai iyaka, kowa ya san inda wuƙa za ta tsaya. Fasto a Sabon Gari, ga kuɗin haya ga na makarantar yara, bai kamata ya kwana da yunwa ba. Su ma masu ba da baiko suna da ikon su ce ma'aji ya karanto musu lissafi a gaban taro.