Tseren motoci a Amurka: Gwanin shekara ko gwanin rana ɗaya, wa ya cancanci kambi?

A ƙasar Amurka, musamman jihohin kudu irin su Karolina ta Arewa da Alabama da Fulorida, akwai wani wasa da ke tara dubban jama'a kusan kowane ƙarshen mako daga watan Fabrairu zuwa Nuwamba, wato tseren motoci na hukumar NASCAR. Motoci kusan 40 ne ke zagaya fili mai siffar ƙwai, wani lokaci da gudun kilomita 300 a awa, hancin wannan na goga bayan waccan. To amma sama da shekara 20 ke nan masoya wasan suna cacar baki a kan tambaya ɗaya: wa ya kamata a kira zakaran shekara?

Gardama dai ba baƙuwa ba ce a wannan wasa, domin da ita aka haife shi. Da yawa daga direbobin farko 'yan fasa-ƙwaurin barasa ne, masu gyara injin motocinsu don su tsere wa jami'an haraji, ranar hutu kuma su gwada wa ya fi wani gudu. A 1948 Bill France ya kafa NASCAR, a 1949 aka yi tseren farko na motocin da kowa ke iya saye a kasuwa, a garin Shalot. Glenn Dunaway ne ya riga kowa isowa, amma aka ƙwace nasarar aka ba Jim Roper, saboda an gano an taɓa sifirin ɗin bayan motarsa.

A tsarin dā, maki ake tarawa tun daga tseren farko har na ƙarshe, wanda ya fi maki ya ɗauki kambi. Shekarar 2003 ce ta rushe wannan tsari. Matt Kenseth ya ci tsere ɗaya tak cikin 36, amma da yake kullum yana cikin na gaba-gaba, ya zama zakara tun kafin a yi tseren ƙarshe. Shi kuwa Ryan Newman da ya ci takwas, na shida ya ƙare. Hukumar ta ga cewa in an san zakara da wuri, 'yan kallo za su kashe talabijin. Don haka a 2004 ta ware tsere 10 na ƙarshe domin manyan direbobi su sake sabon lale. A 2014 ta ƙara tsananta abin: direbobi 16 za su shiga, a riƙa zubar da huɗu-huɗu, har a bar huɗu a ranar ƙarshe, wanda ya riga sauran ukun isowa shi ne zakara. Kusan kamar kokowar neman takobi, in ƙasa ta ci mutum, sai baɗi.

Nan ne masoya suka rabu gida biyu. Masu goyon bayan sabon tsari na cewa ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Jarumi shi ne wanda hannunsa ba ya rawa ranar da komi ya rataya a wuyansa. Suna kuma kafa hujja da ƙwallon ƙafa, inda wasan ƙarshe ɗaya ke raba gardamar kofin duniya.

Masu adawa kuwa na cewa mota ba ƙwallo ba ce. A ranar ƙarshe ba mutum huɗu kaɗai ke kan hanya ba, akwai wasu motoci sama da 30, kuma tayar wani can da ba ruwansa da kambi tana iya fashewa ta ɓata wa mutum wahalar wata tara. A ganinsu, kamar a ce za a auna ɗan kasuwa ne da cinikin jajibirin salla kaɗai, a manta da littafinsa na shekara.

Hujjojinsu ba kaɗan ba ne. A 2015 Kyle Busch ya karye a ƙafa, bai shiga tsere 11 na farko ba, amma ya zama zakara cikin Toyota Camry, sunan da duk mai sayen motocin Kwatano ya sani. A 2020 Kevin Harvick ya ci tsere tara, amma ko cikin huɗun ƙarshe bai shiga ba. A 2024 an riga an fitar da Joey Logano, sai aka tarar motar Alex Bowman ba ta kai nauyin da doka ta ce ba, aka mayar da Logano, ya je ya ɗauki kambinsa na uku. A 2025 a garin Finiks, Denny Hamlin ya ja gaba a zagaye 208, saura ƙiris a gama tayar William Byron ta fashe, aka rage gudun tsere, aka sake jera motoci. Kyle Larson, wanda bai ja gaba ko a zagaye ɗaya ba ran nan, shi ya tafi da kambi.

Mai karatu zai ce, me ya hana hukumar sauraron jama'a tuntuni? Amsar ita ce kuɗi. Yarjejeniyar nuna wasan a talabijin daga 2025 zuwa 2031 ta kai dala biliyan 7.7, kuma gidajen talabijin na son a riƙe ɗan kallo har minti na ƙarshe. Sai dai ɗan kallon da ya daina yarda da sakamako shi ma tashi yake yi.

A watan Janairun 2026 NASCAR ta ba da kai bori ya hau, ta sanar da soke zubar da direbobi da kuma hukuncin rana ɗaya. Ta koma tsari irin na 2004: direbobi 16 su tara maki a tsere 10 na ƙarshe, an kuma ƙara makin wanda ya ci tsere. Wasu sun yi murna, amma masu son a ƙirga duka 36 sun ce rabin haƙƙinsu aka ba su. Ko ba komi, an dai rage wa sa'a ƙarfi, domin taya ɗaya tana iya fashewa a rana ɗaya, amma da wuya ta yanke hukuncin mako goma.